Shatin Yatsu a Kumatun Jika

"Akwai mai ba yaron nan gyaɗa a ɓoye," Kaka ta ce da likita, tana hararar surukarta. "Kowa ya san jikinsa ba ya so. Mun kori mai aiki, amma kullum kumatun jikana a kumbure. Saura wa?"

Surukar ta sunkuyar da kai. Kaka ta taɓe baki. Ai mara gaskiya ko a ruwa gumi yake.

Likita ya haska fuskar yaron. "Mama, ba ci ya yi ba, shatin yatsun da suka taɓa gyaɗa ne. Wa ke jan kumatunsa da wasa?"

Kaka ta ɓoye hannunta. Yaron ya ja bakin zanenta, ƙullin ya kwance, gyaɗa ta watse har ƙarƙashin kujerar surukar.