Tsuntsaye a Bayan Kiɗa

"Yallaɓai, kasa kunne da kyau!"

Mai gyaran rediyo ya kunna wa wani attajiri waƙa. Duk jarinsa ya narke a akwatin adana waƙoƙin nan da ya ƙera. In attajirin nan bai saya ba, kashinsa ya bushe. Tun ɗazu yake cika shi da bayani: ƙatuwar tiransifoma ce ke tace wa akwatin wuta, shi ya sa babu ƙugi ko kaɗan, sai ɗan ɗumi.

Can sai ga wani siririn sauti a bayan kiɗan. Tsiyau-tsiyau.

"Tsuntsaye!" in ji mai gyara, har da ƙwalla. "Tun ina yaro nake jin waƙar nan, ban taɓa jin su ba sai yau!"

Attajiri ya lumshe ido. "Wallahi kamar a ɗakin nan suke!"

Waƙa ta ƙare. Tsuntsaye ba su daina ba.

Sai ga mahaifiyar mai gyara ta shigo da kwando, ta zura hannu bayan tiransifoma, ta zaro 'yan tsaki.

"Madalla, sun fito! Kai, kada ka kashe mini abin nan, saura ƙwai biyu."