Katangar da Ta Cinye Lungu

Tunda filaye za ka yanka a gonar nan, zauna in ba ka misali kafin ka kira mai awo. Wani magini aka yi, gwani ne na gaske, sai dai akwai shi da haɗama. A bayan gidansa akwai wani siririn lungu, ko amalanke ba ta shiga. Sai ya ga ai wannan asarar ƙasa ce, ya ja katanga ya haɗe shi da tsakar gidansa. To ashe ta lungun nan tsohuwarsa take bi kullum, ta leƙa mai jego, ta biya wurin mai daddawa, ta gaida marar lafiya, ta dawo tana mita. Da aka toshe, gidan da kake jin tarin mutanensa ta katanga sai ka zagaya ta bakin kwalta kafin ka isa, ga 'yan acaɓa suna shararowa kamar an koro su. Sau ɗaya ta gwada ta ce ba da ita ba. Ta zauna. Shekara ba ta zagayo ba ƙafafu suka kumbura, jini ya hau, sallah ma sai a zaune. Mutumin ya tsorata ƙwarai, don yana son uwarsa. Likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ta riƙa tattaki. Tsohuwa ta dubi ɗanta ta ce, "In taka ina? A kanka?"

Wallahi washegari da hantsi ya ɗauko guduma. Katangar da ya gina da hannunsa shi ya rushe ta, maƙwabta na taya shi kwashe bulo suna yi masa tsiya. Ranar farko da ta fita tana dogara sanda, gida biyu ta iya zuwa. Sati na gaba, biyar. Kai, kafin damina ta wuce kumburi ya sace, jini ya sauka, tana ruku'u tana sujada abinta! Ka zo gaishe ta da safe a ce tana gidan suna, ka dawo da la'asar a ce ta wuce kasuwa, ɗan nata na bin unguwa yana cigiyarta, baki har kunne. Kuma ba ita kaɗai ba, tsofaffin layin da aka ɗauka sun gama yayi duk suka fito. Don haka in ka zo yanka, ka bar wa ƙafa hanyarta, kai ma tsufa na nan tafe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce motsi ya fi laɓewa.