Ran Da Motar Sanni Ta Daina Rawa

"Wannan ya yi siriri, Masa Amidu. Ba ni mai kaurin yatsa biyu."

Sanni direba ya ture zoben ƙarfen gefe. Amidu, tsohon makanikin unguwar Aboabo da ake ce wa Masa, wato oga, ya lalubo wani. Irin zoben nan ne da ake sawa a bayan taya, ƙafafun mota su buɗe, ta daina tangaɗi a kwana.

"Shekara biyu ina ce maka ka sa, kana ce mini gobe. Yau kuma saurin me?"

"Fusena ce za ta hau."

Amidu ya kwashe da dariya. Duk Zongo an san Fusena matar Sanni ta rantse ba za ta taka akori-kurar nan ba, tsohuwar motar soja da ya saya bayan yaƙin Bama. Wai mota ce ko kwale-kwale? Sai ran da ta daina rawa.

"Ashe dai ka shawo kanta!"

Aka sa zobban, aka mayar da tayoyin. Sanni ya karɓi sufana, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa kafaɗa ya girgiza motar. Ko gezau.

"Ina za ka kai ta? Salaga, wajen danginta?"

"Tafo. Bayan azahar."

"Tafo? Me ke Tafo ban da maƙabarta?"

Sai a lokacin idon Amidu ya kai kan farin ƙyallen da ke ninke a kujerar gaba.

Sanni ya miƙa masa sufanar.

"Ƙara ɗaure na baya, Masa. Ba na so ta ji tsoro a hanya."