Majinyacin Roba Ba Ya Cewa Da Sauƙi

Karo na huɗu ke nan Dakta Kubura tana hawa benen Ofishin Tallafa wa Bincike na jami'a da takarda ɗaya. Tun da aka kafa dokar hana ɗaliban likitanci taɓa majinyaci mai rai sai sun gama karatu, a kan mutum-mutumin roba suke koyo. Shi kuwa na roba, da an tambaye shi sai ya zayyana ciwonsa tiryan-tiryan.

"Ranka ya daɗe, ɗalibai goma kacal nake roƙo," ta ce wa Farfesa Maiwada, shugaban ofishin. "In zaunar da su gefen gadon tsofaffi wata guda, in rubuta abin da suka koya. Mutanenmu ko suna bakin kabari, ka tambaye su jiki, 'da sauƙi' za su ce. Yaran nan kuwa sai su rubuta an warke, su sallami mutum!"

Ya juyo mata da allon na'urar tantance bincike. "Na'urar nan ta duba bayanan asibiti, Dakta. Ta ce babu abin bincika. Kusan duk majinyatan da bakinsu suka ce sun sami sauƙi."

Ta sunkuya za ta ɗauki jakarta, sai ta ga ya zare takalmansa a ƙarƙashin tebur. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, har suna sheƙi.

"Farfesa, ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," ya ce yana haki. "Tsohon ɗalibinki ne ma ya sallame ni jiya."