Ƙugiyar da ta Ɓace

To, ɗan'uwa, tunda ka ce tsofaffi su matsa gefe, bari in ba ka wani misali. A wani gari ne, sunansa ya kwanta mini, amma akwai rimi babba a bakin kasuwarsa. Akwai ofishin takardun filaye a garin, a cikinsa kuma akwai wata dattijuwa da ta fara aiki tun zamanin tafireta. Shekara talatin da biyu tana bugu, ko da uku, saura wata bakwai ta yi ritaya. Kwamfutocin ofishin huɗu ne, duk suna tarayya a folda guda, kamar gida huɗu masu ɗiba a rumbu ɗaya. In mutum ya zo neman takardar filinsa, sai a rubuta sunansa a akwatin bincike, ta fito kafin ya gama gaisuwa. Ran wata Juma'a injiniya ya zo daga birni ya sabunta manhajar kwamfutocin, ya sha zoɓo, ya koma. Ran Litinin aka nemi takardar wani Baƙo, kwamfuta ta ce babu. Aka nemi ta Garba, ta fito. Aka nemi ta Ruƙayya, babu. Kafin Laraba takardun mutum goma sha bakwai sun yi layar zana, masu filaye sun cika baranda suna ta cewa an sayar musu da gado. Samarin ofis suka kashe kwamfuta suka kunna, suka zare waya suka mayar, suka hura ƙura, ba abin da ya sake. Da aka rasa mai laifi sai aka tuna cewa dattijuwar nan ce ta ƙarshen tashi ran Juma'a, ga idonta ya yi rauni, ga hannu ya fara rawa. Wani saurayi a cikinsu ma ya ce, a inda ya san za ta ji, "Iya ta ɗauka shara ce ta share." Tsoron kora bai dame ta kamar a ce ta fita da sunan wadda ta cinye amanar mutane ba, a garin da za a binne ta.

Ran Alhamis shugaban ofis ya yanke shawarar a rubuta mata takardar tuhuma. Sai dai kuma duk ofishin ba wanda ya iya tsara irin wannan takarda sai ita. Ya kira ta yana kallon ƙasa, ya ce ta buga. Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta zauna, ta gyara tabarau, ta fara buga tuhumar kanta da hannunta. Ka san 'yan zamanin tafireta ba su kallon yatsu, rubutun suke bi da ido, don a da kuskure ɗaya kan sa a yaga takarda a sake. Samarin kuwa yatsunsu suke kallo. Tana kaiwa wajen "takardun da suka ɓace", sai ta ga allo ya rubuta "bace". Ta goge ta sake, "bace". Ta gwada ƙasa, aka ba ta kasa. Ta gwada ɗaki, aka ba ta daki. Sai ta ɗauke hannu. Ta jawo jerin sunayen nan goma sha bakwai ta bi su da ɗan yatsa: Baƙo, Ruƙayya, Ɗayyabu, Ƙasimu, Ɗantsoho. Babu suna ɗaya da ba shi da harafi mai ƙugiya. Garba da Talatu da Larai, da ba su da ita, su ne suke fitowa. Ashe sabuntawar nan ta tafi da tsarin bugun Hausa. Kana danna abin da ka saba dannawa, amma ƙugiyar ba ta fita, sai kwamfuta ta tafi neman Bako, alhali Baƙo aka ajiye. Ita kuwa kwamfuta ba ta san ɗan gari ba, abin da ka faɗa mata shi take nema.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta buɗe foldar da hannu, tana gangarawa suna bayan suna kamar yadda take bin kantar fayil a da, har ta iske Baƙo zaune lafiya lau a inda ta ajiye shi. Ta kwafi sunan da ƙugiyarsa, ta manna a akwatin bincike. Takarda ta fito. Sannan ta kira shugaba, samarin suka biyo shi. Ta yi ta fito da takardun ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka kira sunansa a baranda sai ka ji kabbara, har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa a cikin ofishin hukuma. Aka buga wa injiniya waya, ya ce kash, ya manta, ya faɗi inda za a danna tsarin Hausa ya dawo. Shugaba ya ce a goge takardar tuhuma. Dattijuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar yaron nan ya goge, shi ya san shara." Ofis ya kwashe da dariya, saurayin ya durƙusa har ƙasa, ita kuma ta ce ya tashi ya jawo kujera, ta koya masa kallon abin da yake rubutawa.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.