Hayaƙin Bayan Danga

Ka tambaye ni, Malam, mene ne amfanin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, tunda kowace ƙasa tana da 'yan leƙen asirin da ke kawo mata labari. Bari in ba ka misali.

An yi wasu garuruwa biyu na maharba, ɗaya a gabashin kogi, ɗaya a yamma. Sun daɗe suna harbin juna da kibiya mai dafi, irin dafin da ake dafawa da 'ya'yan kwankwani, wanda ko a yatsa ya taɓa mutum ba ya kai gida. Da kaburbura suka yi yawa, dattawansu suka ƙulla alkawari: ba mai shuka kwankwani, ba mai dafa dafi, kuma kowane gari yana iya aiko mutum duk ranar da ya ga dama, ya buɗe kowace tukunya, ya shiga kowace garka. Aka yi shekara bakwai lafiya. Ran nan wani mai tallan gishiri ya zo wurin mai garin gabas, ya ce a hayin yamma ya hango manyan tukwane uku a kan wuta bayan wata danga, tun safe har la'asar, ga wari mai ƙarfi, kuma da ya matso an kore shi. Wani masunci ma ya ce lallai haka ne. Maharban gabas suka ce dafi ne, a bar su su ma su dafa nasu, su haye kafin damina ta cika kogi. Mai gari ya tambayi mai gishirin ko ya leƙa cikin tukwanen, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin yadda ake dafa dafi, ya ce a'a. Da aka matsa wa masuncin, ashe a kasuwa ya ji, daga bakin mai gishirin. Labari ɗaya ne ya fito ta baki biyu.

Sai mai gari ya aika wani tsohon maharbi da ya san dafi tun yana saurayi. Tsohon ya haye, ya ambaci alkawari, aka buɗe masa danga. Ya ɗaga murfin tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kalwa ce, mata ne ke dafa ta za su yi daddawar biki, mai gishirin kuwa an kore shi ne don baƙon namiji ba ya shiga wurin. Tsohon bai tsaya nan ba. Tunda alkawari ya ba shi dama, ya bi garka garka har bakin ruwa. A bayan gidan wani maharbi ya iske kwankwani tushe tara yana hawan bishiya, bai kai ga yin 'ya'ya ba. Ba wanda ya taɓa kawo labarinsa, don shuka ba ta hayaƙi. Mai garin yamma ya rantse bai sani ba. Ko ya sani ko bai sani ba, a gaban shaidu aka tumɓuke shi aka ƙone. Tsohon ya komo ya ajiye dafaffiyar kalwa da guntun saiwar kwankwani a gaban maharban garinsu, ya ce, "Wannan kalwar kuka so ku yi yaƙi a kanta. Wannan saiwar kuwa, da kun haye da baka, ba za ku taɓa ganinta ba."

To, kai ma idan rahoto ya zo teburinka, ka tambayi wa ya gani da idonsa, kuma daga bakin wa sauran suka ji. Yarjejeniya ba ta mai da maƙwabci mutumin kirki, amma ita ce ke ba ka damar ɗaga murfi. Hausawa sun ce, gani ya kori ji.