Matar da ke Jikin Kaset

Ina 'yar shekara tara Umma ta dawo daga tsintar kwali da wani kaset da ta samo a bolar gidan Turawa. A jikinsa akwai hoton wata baƙar mace, wuyanta cike da sarƙa. Bayan la'asar muka sa shi a rikoda, a tsakar gidanmu na unguwar Karantina, a ƙasa mai tsarki.

Da farko sai ƙara kamar ana suya. Can murya ta taso, mai kauri, tana jan waƙa kamar mai niƙa a dutse. Kaka ta ajiye carbinta.

"Mayar da shi baya. Wannan muryar Hansai ce."

Hansai ƙanwarta ce da ta ɓace a Sudan lokacin da suka taho hajji a ƙafa. Kaka ba ta taɓa yarda ta mutu ba.

Aka kira maƙwabcinmu, wani direba mai jin Turanci. Ya karanta bayan kaset ɗin ya ce, "Hajiya, Ba'amurkiya ce, tana cikin matan farko da aka ɗauki irin wannan waƙa tasu a faifai. Ta rasu tun ba ki baro gida ba."

"In ji wa?"

"Ga shi a rubuce."

Kaka ta dube shi sheƙeƙe. "Kai sunan da ke iƙamarka, naka ne?"

Kowa ya san da sunan aro ya samu wannan takardar izinin zama. Ta tura kaset ɗin ƙarƙashin matashinta.

Da na girma na bincika, gaskiyar direba ce. Amma har yau in muryar nan ta taso, ni ma sai na mayar da ita baya.